Awa Shida Bayan Allura

Tun da 'Yar Goggo ta fito daga ɗakin allura take tafiya a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Sau biyu aka soke ta, dama da hagu, da wani farin ruwa mai kauri da ake turawa a hankali har mutum ya ji ƙafarsa ta daina zama tasa.

Mai Agogo yana can ƙarshen benci. Yana ganinta ya miƙe, kuma abin da ya fara yi shi ne duba tsintsiyar hannunsa.

"Goma da minti goma sha biyu."

"Ko sannu ba za ka ce min ba?"

"Sannu, Malama. Amma lokacin ma yana da amfaninsa."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Shi dai haka Allah ya yi shi. Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar benen da take aiki, daidai ƙofar shagon buga takardu: akwatin gilashi guda, 'yar fitila, da ƙananan kayan aiki da ko kiyashi zai iya ja. Mutumin da ke wuni da gilashi manne a ido ɗaya yana leƙen cikin agogo, ba abin da ke wuce shi. Shi ya fara lura da ɗige-ɗigen da suka fito mata a tafin hannu. A gida ta ce tawadar inji ce, kowa ya yarda. Shi kuwa ranar da ta miƙo masa wata takarda, sai ya ce, "Tawada tana fita da sabulu, Malama. Wannan yau kwanansa goma sha ɗaya."

Shi ya matsa mata ta je asibiti. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito, likita ta rufe ƙofa ta faɗa mata sunan abin: tunjere.

Namiji ɗaya ta taɓa sani a duniya, kuma wata huɗu ke nan da ya sake ta. Tilo ne, ɗan Goggo guda ɗaya tal. Goggo yayar mahaifinta ce. Ita ta ɗauke ta tana 'yar shekara uku, ranar da aka binne uwarta, ta goya ta, ta yi mata kitso, ta yi jinyarta lokacin ƙyanda, har ainihin sunanta ya ɓace a bakin mutane, kowa ya koma kiranta 'Yar Goggo. Da ta girma aka haɗa ta da Tilo, kuma a lokacin ita ma tana so. Shekara biyu suka yi, ya sake ta a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta dawo gidan Yaya, babban wanta, inda Goggo ma take zaune tun rasuwar mijinta.

Sai da Tilo ya ji wani yana son abin da ya jefar, sannan abin ya yi masa kyau. Yanzu kome yake nema. Goggo tana so, Yaya yana so, shi kuwa Mai Agogo, da yake neman aurenta, an riga an yi masa iyaka da ƙofar gidan. "Wa ke gyara agogo a zamanin da kowa ke duba waya?" in ji Yaya.

Ranar da sakamakon ya fito, a gindin matakala ta same shi ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa.

"Ka nemi wata. Ni na zama abin gudu."

"Ke kika je kika sayo shi?"

"A'a."

"Yana warkewa?"

"Likita ta ce allurar rana ɗaya ta isa."

"To, ni abin da yake gyaruwa ba na jefar da shi. Sana'ata ke nan."

Shi ya sa yau ta roƙi likita ta bar shi ya shigo ya saurara, don ita kanta ba ya riƙe komai.

"Tunda abin bai daɗe a jikinki ba, wannan ta ishe ki," in ji likitar. "Amma ki ji ni da kyau. Bayan 'yan awoyi, ƙila biyu, ƙila shida, zazzaɓi yana iya rufe ki. Rawar sanyi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ƙurajen nan ma su ƙara fitowa. Ba kowa yake yi wa ba, amma ya fi kama masu sabon ciwo. Ba wai allurar ba ta karɓe ki ba ne. Ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa lokaci guda, jiki yake hargitsewa. Ki sha ruwa, ki sha farasitamol, ki kwanta, kafin kwana ɗaya ya cika zai sauka. In kuwa leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan daban ne, ki dawo a guje. Sannan mutumin da kika zauna da shi, dole shi ma ya zo."

Mai Agogo ya zaro ɗaya daga cikin 'yan katunan da yake ɗaura wa agogon mutane, ya rubuta a baya kamar yadda yake rubuta ranar karɓa da ranar bayarwa: Allura, 10:12. Farawa, 12:12 zuwa 4:12. Sauka, kafin 10:12 gobe.

A bakin asibitin ta miƙa masa takardar likita.

"Riƙe min. Goggo ce ke gyara min jaka kullum."

Ya haɗa da katin, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Azahar ta wuce ba ta ji komai ba sai tsamin wurin allura. Har ta fara cewa ƙila ita tana cikin waɗanda abin ke tsallakewa. Ana idar da la'asar ta ji ƙarar mota a ƙofar gida, ta ji muryar Tilo yana gaida uwarsa. Ba wanda ya gaya mata yau za a zauna.

"'Yar Goggo, kawo wa Tilo shayi," Goggo ta kira, muryarta cike da murna.

Tilo yana zaune a falo gaban Yaya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Dillalin motoci ne, bakinsa ya san hanya.

"Ni dai, Yaya, na yi kuskure na kuma gane. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta dawo ɗakinta, a wuce wurin."

Tana tsakiyar falon da tire a hannu sanyin ya shigo ta. Ta baya ya fara, kamar an zuba mata ruwan randa a ƙeya. Kofuna suka fara kaɗawa a kan tiren. Ta matse hannu, suka ƙara ƙara. Haƙoranta suka ɗauka.

"Ke, lafiya?" in ji Yaya.

Tiren ya suɓuce.

Kafin ta san inda take an kwantar da ita a doguwar kujera, Goggo ta rufa mata bargo biyu tana salati. Kanta kamar ana sara da gatari, kowace gaɓa tana ciwo daban. Ta san me ke faruwa, an faɗa mata, amma sanin bai rage komai ba. Sanyi a ciki, wuta a waje. Ta ji bakinta yana kiran "Umma, Umma," matar da ko fuskarta ba ta tuna ba.

"Zazzaɓin sauro ne," in ji Yaya. Shekara goma sha biyar yana tsaye bayan kanta a kantin magani, a gidan nan kuwa maganarsa ta fi ta likita. Ya shiga ɗaki ya fito da akwatinsa, ya fasa kwalba, ya fara zuƙa a sirinji.

Sai aka yi sallama.

Mai Agogo ne tsaye a ƙofar falo da leda a hannu: farasitamol, gorar ruwa biyu, da ɗan tawul sabo. Daga baya ta ji cewa tun sha biyu ya rufe teburinsa ya zo ya tsaya a kwanar layin cikin rana, yana duba agogo. Da ya ji salatin Goggo ta taga, sai ƙafarsa ta manta da iyakar da aka yi mata.

"Wa ya kira ka?" in ji Yaya.

"Ba kowa, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne. In ba a kira ka ba, ta yaya ka san ba ta da lafiya?"

Idon Mai Agogo yana kan sirinjin.

"Don Allah kada a yi mata wannan. Ba na sauro ba ne. Goggo, duba min leɓenta, ya kumbura? Numfashinta yana fita daidai?"

Goggo ta duba kafin ta tuna bai kamata ta bi umarninsa ba. "Bai kumbura ba."

"Alhamdulillahi. To a ba ta wannan guda biyu, a riƙa ba ta ruwa. Kafin goma da minti goma sha biyu na gobe zai sauka."

Kaico, Mai Agogo! Da wani ne, da ya ce wucewa yake yi ya ji kuka. Da wani ne, da ya ce "in sha Allahu da sauƙi" ya bar ledar ya tafi. Amma mutumin da ya saba cewa "ka dawo Talata ƙarfe uku" bai iya magana a dunƙule ba. Garin gyaran gira ya tsone ido.

Tilo ya daina kaɗa makulli.

"Da minti goma sha biyu," Yaya ya maimaita a hankali. "Mai gyaran agogo zai koya min magani. Me ka sani da ban sani ba?"

"An yi mata allura da safe."

"Allurar me?"

Mai Agogo ya dube ta. Ta girgiza masa kai iya ƙarfinta, amma duk jikinta girgiza yake yi, wa zai bambance? Hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa ba da saninsa ba, ya dafe. Yaya ya ga hannun. Taku biyu ya yi, ya fizge takardar har aljihun ya yage, katin ya faɗo ƙasa.

Ya karanta. Ya san sunan maganin, ya san abin da ake yi da shi. Ya zo ya janye bargon, ya buɗe tafin hannunta. Ɗige-ɗigen da suke dusu-dusu da safe yanzu sun fito raɗau, sun hau har damtse.

"Tawada," in ji shi. "Tawada kika ce mana. Goggo, tunjere ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Tilo ne ya fara samun bakin magana.

"Ai na faɗa! Na faɗa muku wannan zaman ƙarƙashin bene ba na banza ba ne!"

Yaya ya sunkuya ya ɗauki katin, ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago.

"Ka san awar da zai zo. Ka san awar da zai tafi. Har ledarka ka haɗo kafin ta faɗi. Mutum ba ya sanin hanya haka sai ya bi ta."

"Likita ce ta faɗa, ni rubutawa kawai na yi. Wallahi ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. A je a gwada jinina yanzu." Ya dubi Tilo. "A gwada na kowa."

"Ji ɗan iska!" Tilo ya yi tsalle. "Wa kake nufi da kowa?"

'Yar Goggo ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi ta ɗago kai. Haƙoranta suna karo, maganar tana fita guntu-guntu.

"Ba... ba shi ba ne. Yaya, ba shi... Tilo ne. Daga ɗakin Tilo na taho da shi."

Ta ga Tilo ya zura hannayensa biyu cikin aljihu, makulli da duka. Ta ga Goggo ma ta gani.

Sai tafin Goggo ya sauka a goshinta, ya mai da kanta kan matashi.

"Sambatu take yi. Ku taɓa ku ji, jikin kamar garwashi. Yanzu-yanzu fa uwarta take kira, wadda ta shekara ashirin da uku a ƙasa. Wa ke kama maganar mai zazzaɓi?"

"Goggo, da hankalina..."

"Yi shiru, 'yata. Yi shiru."

Ta yi ta faɗa, suna ta ce mata sannu. Ba ta taɓa sanin akwai baƙin ciki irin wannan ba: maganin da ya zo wanke ta shi ya ɗaure mata harshe, gaskiyarta ta fito a ranar da ba ta da daraja.

Yaya ya tasa Mai Agogo gaba yana turawa.

"In na sake ganinka a layin nan, ko a bakin shagonsu, sai na tara duk mutanen benen na gaya musu abin da kake ɗauke da shi. Mu ga wanda zai ƙara miƙa maka hannunsa ka ɗaura masa agogo."

Shi kuwa ko a hakan, yana tafiya da baya da yagaggen aljihu, abin da yake faɗa shi ne, "Guda biyu, Goggo. In awa shida ta cika a ƙara mata biyu." Ya ajiye ledar a bakin ƙofa. Aka rufe gida.

Ta ji Tilo yana sauke murya, yana yin ta mutanen kirki.

"Ni duk da haka ina so, Yaya. 'Yar'uwata ce. In ban rufa mata asiri ba, wa zai rufa?"

"Allah ya yi maka albarka," in ji Yaya. "Tana miƙewa za a mai da auren."

Da gari ya waye, zufa ta jiƙa zanen gadon sharkaf, kan ya yi sakayau, sanyin ya tafi kamar bai taɓa zuwa ba. Tana ɗakinta. A kan durowa ga ledar nan a buɗe, an ɓalle ƙwaya shida, gora ɗaya ta ƙare. Agogon bango yana tara da rabi. Ko a nan bai yi ƙarya ba.

Goggo tana zaune a bakin gado da carbi, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Sannu, 'yata. Jiya kin yi ta surutai. Har uwarki kika kira, Allah ya ji ƙanta. Ba ki tuna komai ba ko?"

"Na tuna, Goggo."

"Ba ki tuna ba."

"Na tuna duka."

Goggo ta ajiye carbin. Ta kamo hannun 'Yar Goggo, ta buɗe tafin, ta daɗe tana kallo. Hawaye ya ɗiga a kai.

"Kafin ya sake ki da 'yan kwanaki ya zo gaishe ni. Na miƙa masa ruwa, na ga irin wannan a hannunsa. Ya ce man mota ne. Da naki ya fito kika ce tawada, sai na ce to, tawada ce. Na yarda da shi, na yarda da ke, don in samu in yi barci."

"Ashe kin sani."

"Uwa ba ta sani. Zargi take yi ta haɗiye."

"Kina kallo aka ci mutuncin bawan Allah, Goggo. Da maganinsa kika yi jinyata."

"Tilo kaɗai gare ni!" Kukan ya ƙwace mata. "Goma na haifa, tara na binne. In yayanki ya yarda da wannan magana, shi da Tilo sun rabu har abada, gidan nan ya tsage biyu, ni ina zan sa kaina da tsufana? Zan kai shi asibitin da kaina, a ɓoye, a yi masa allurar. Ba sai kin koma ɗakinsa yanzu ba, zan lallashi yayanki. Abu ɗaya nake roƙo. In ya shigo, ki ce ba ki san me kika faɗa ba."

"Shi Mai Agogo fa?"

"Bare ne, 'yata. Kwana biyu zai yi ya samu wata."

"Da wane suna zai samu wata? Ni kuma fa?"

"Ke ai tawa ce. Ke kin iya haƙuri." Ta shafa kanta yadda take yi tun tana ƙarama. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Na goya ki bayana yana ciwo. Ban ce ki biya ni ba, amma yau ina roƙo."

'Yar Goggo ta yi kuka har numfashinta yana sarƙewa. Tana son matar nan fiye da yadda za ta iya faɗa. Duk wani abin daɗi da ta sani a yarinta, daga wannan hannun ya fito. Ta kuma tuna mutumin da ya tsaya awa huɗu cikin rana da leda, don kawai kada zazzaɓi ya same ta ba kowa kusa da ya san maganarsa.

Takun Yaya ya taho ta baranda. Ya yi gyaran murya ya shigo da shirin fita aiki, fuskarsa a ɗaure.

"Ya jikin?"

Ta share ido. Ta kamo hannun Goggo ta ɗora a goshinta, ta danne da nata.

"Goggo, akwai zafi?"

Goggo ta yi ƙoƙarin zamewa. Ta riƙe.

"Yaya, kai ne masanin magani. Zo ka taɓa."

Ya matso ya sa bayan hannunsa a wuyanta. "Ya sauka."

"Ka tabbata? Ba sauran zazzaɓi a kaina?"

"Babu. Me ya faru?"

"'Yata," Goggo ta ce ƙasa-ƙasa. "Don darajar goyo."

'Yar Goggo ta rufe ido, don in ta kalli fuskar nan ba za ta iya ba.

"To zan sake faɗa, ka ji da kyau. Mai Agogo bai taɓa ko yatsana ba. Daga ɗakin Tilo na taho da ciwon nan. A kai shi a gwada jininsa yau, in ƙarya nake yi ka kore ni daga gidan nan."

Agogon bango yana ta tafiyarsa.

Goggo ta zare hannunta a hankali. Ta goge tafin a gefen zanenta, ta ɗauki carbinta, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta dubi gadon ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta yi wa Yaya magana da muryar da ba kuka a cikinta.

"Ka faɗa wa ƙanwarka ta nemi wani sunan."